Yadda na kashe zafin dekin da farar ƙasa, ɓuntun shinkafa da tukwane

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin da aka yi wa dekin a Birnin Kebbi cikin watan Afrilu ya san abin da zan faɗa. An yi isha'i, tsakar gida ta fara shan iska, amma kana sa ƙafa cikin ɗaki sai ka ji kamar ka leƙa tanderun mai burodi. Ka kunna fanka, idan akwai wuta ke nan, ta yi ta kwaso huci daga sama tana zuba maka a ka. Hau kujera ka ɗora tafin hannunka a jikin rufin da ƙarfe goma na dare, za ka ji shi da ɗumi kamar bayan murhu.

A 2019 na zuba dekin a gidana da ke Badariya da niyyar ɗora bene daga baya. Har yau rodin yana nan tsaye a kan ginshiƙai yana jira. Shekarar da mahaifiyata ta baro ƙauyenmu na wajen Augie ta dawo wurina, sai ta ƙi kwana a ɗakin da na gyara mata. Ta ja tabarma tsakar gida, sauro ko ba sauro. Da na matsa mata da tambaya sai ta ce, "Wanga ɗaki naka rana shika ɓoyewa, in dare ya yi shi sako ta." Tsohuwar da ta yi duk rayuwarta a soron ƙasa, a magana ɗaya ta gama bayanin da na yi wata ina nema.

Ga lissafin maganar tata. Da tsakar rana, idan sama ta yi garau, zafin da ke sauka a kan kowace murabba'in mita ya kai kusan wat 1,000, wato daidai da dutsen guga na lantarki guda a kunne. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi, rufinsa ya ɗan haura murabba'in mita 13. Ka ɗauka dutsen guga 13 aka jera maka a kai. Kankare mai launin toka yana shanye fiye da rabin wannan, kuma abu ne mai nauyi da ke riƙe zafi: dekin mai kaurin inci 6 nauyinsa kusan kilo 360 ne a kowace murabba'in mita. Zafin yakan ɗauki sa'o'i huɗu zuwa biyar kafin ya ratsa wannan kauri, shi ya sa na ƙarfe biyun rana yake iske ka bayan magariba, ya yi ta tsiyaya har tsakar dare. A bazarar da iska kanta ke haura digiri 40, saman dekin yakan wuce digiri 60. Ba mai iya tsayawa a kai ba takalmi.

Abin da ya kamata mutum ya riƙe shi ne a sama ake tare wannan zafi, kafin ya shiga kankaren. Na fara da yin silin daga ciki, ya ɗan rage hucin da ke dukan kai, amma dekin ɗin ya ci gaba da cika da zafi yana tura shi cikin bango. Sai kuma wani mai gyaran yoyo ya shafe min gefe ɗaya da baƙar kwalta ya bar ta a buɗe. Yoyo ya tsaya, amma ɗakin da ke ƙarƙashin wurin ya fi kowane zafi a gidan, domin baƙi ya fi komai shan rana. Idan dole sai an sa kwalta, to a rufe ta da wani abu mai haske.

Kafin ka sayi ko da buroshi, hau saman da tsintsiya da bokitin ruwa. Share shi tas, ka bi shi a hankali kana neman tsaga. Sai ka kwara ruwa ka tsaya ka ga inda ya nufa. Idan ya gangara ya bi indararo, madalla. Idan ya kwanta a tsakiya, ka zagaye wurin da gawayi, domin nan ne matsalarka ta farko, kuma duk abin da ka ɗora a kan ruwa mai kwanciya ɓata kuɗi ne. Gangaren da ake so bai wuce inci ɗaya a kowace ƙafa huɗu ba. Sannan ka sauko ka duba rufin daga ciki. Tabon ruwa, filastar da ta kumbura, tsatsar rodi da ta fito, ko tsakiyar da ta ɗan lotsa, kowane daga cikinsu yana nufin kada ka ɗora nauyi sai injiniyan gini ya gani. Da yawa daga cikin dekin ɗinmu da ido aka zuba su, ba wanda ya lissafa rodin.

Zan daɗe kaɗan a kan nauyi, don nan ne na fi jin tsoro. Shawarar farko da 'yan'uwa suka ba ni ita ce in zuba jar ƙasa a kai kamar yadda ake yi wa soro. Maganar tana da tushe. Wanda ya shiga tsohuwar fadar Argungu, wadda yanzu ita ce Gidan Tarihi na Kanta, ya ji irin sanyin da ginin ƙasa mai kauri yake riƙewa da rana tsaka. Amma maginan zamanin da sun gina bangonsu da azararsu ne daidai da nauyin ƙasar, suna kuma bin rufin kowace shekara da makuba ko laso. Ƙasa mai kaurin inci 4 tana kai kilo 170 a murabba'in mita tana busasshiya, idan ta sha ruwan Agusta ta doshi 200. A ɗakin nan mai ƙafa 12, kamar ka jibge buhun siminti 50 ne a saman kan iyalinka. Maginin da ke yi min aiki, dattijo ne da ya fara da tubali kafin ya koma bulo, cewa ya yi, "Malam, ƙasa da ƙasa taka zama lahiya. In ka aza ta bisa siminti, ruwa na shiga tsakaninsu shi kwana." Na bar maganar ƙasa daga ranar.

Abu mafi arha, wanda kowa zai iya yi a mako guda, shi ne farar ƙasa. Sabon shafe yana mayar da kusan kashi uku cikin huɗu na hasken rana sama, ke nan mafi yawan duwatsun gugar nan an kashe su. Ba mu kaɗai ke yi ba. A birnin Ahmadabad na Indiya, bayan zafin da ya kashe mutane da yawa a 2010, hukuma ta shigar da shafa farar ƙasa a rufin gidajen talakawa cikin shirinta na yaƙi da zafi.

Ka jiƙa farar ƙasar a duro tun jiya, ka motsa da sanda, ka bar ta ta kwana. Da safe ka tace da rariya ko tsohon gidan sauro don fitar da tsakuwa. Kaurin da ake so kamar madara ne, kada ya kai koko. Mutane suna kuskuren yin ta da kauri don su gama a shafa ɗaya, sai ta bushe ta ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Ni nakan jiƙa ƙaro cikin tafin hannu ɗaya a ruwan ɗumi in zuba a kowane bokiti, da ɗan gishiri, don ta kama. A wanke dekin ɗin, a bar shi da ɗan danshi, a shafa da yamma bayan la'asar ko da sassafe. Idan ka shafa da rana tsaka, ruwan zai tsere kafin ta kama, ka wayi gari da gari a hannu. Shafa ta farko za ta yi kamar ba ka yi komai ba, kada ka damu, sai ta bushe take fari. Ka bari kwana ɗaya tsakanin kowace shafa, ka yi uku, kana sauya hanyar buroshi: yau gabas zuwa yamma, gobe kudu zuwa arewa. Ka sa safar hannu, ka kiyaye ido, don farar ƙasa tana cin fata. Yara kuma su tsaya ƙasa.

Lokacin yinta ƙarshen Fabrairu ne, idan ƙurar hunturu ta fara lafawa. Wanda ya shafa a Disamba, kafin zafi ya zo ƙura ta mayar da ita ja. Damina kuma za ta wanke rabi, don haka aikin kowace shekara ne. Ka bar ɗan fili kamar faɗin tabarma ba shafe a shekarar farko, ka taka shi da tsakar rana, sannan ka taka inda aka shafa. Tafin ƙafarka zai ba ka labarin da ya fi nawa.

Bayan fari sai inuwa. Rumfa a saman dekin tana aiki sosai matuƙar iska na ratsawa ta ƙarƙashinta. Idan ka shimfiɗa zana kai tsaye a kan kankare, ta rage wani abu, amma tana tara ƙura da danshi da kunama. A ɗaga ta aƙalla ƙafa biyu, a bar gefuna a buɗe. Ga masu rodi tsaye irin nawa, an riga an ba ka inda za ka ɗaure: a sa sanduna ko gora a ɗaure da waya a jikin rodin, a shimfiɗa zanar gamba ko asabari, a bi ta sama da wata sanda a matse. Kada ka raina ɗaurin nan. Iskar da ke zuwa gaban hadarin farkon damina, a Mayu da Yuni, ita ce ke kwashe kwanon mutane, balle zana. Ni nakan sauke tawa da zarar an yi ruwan farko, in naɗe in ajiye. Asabari ya fi zana a wuri ɗaya: ana iya naɗe shi da magariba, dekin ya fuskanci sararin sama ya huce cikin dare, da safe a sake baza shi. Wanda yake da saurayi a gida da zai riƙa hawa, wannan ya fi. Sai dai a nisanta rumfar daga wayar lantarki da hayaƙin kicin.

Maƙwabcina ya ja yaɗon soso da kabewa daga ƙasa ya hau da su kan raga. Yana da kyau, amma a watan da aka fi buƙatar inuwar, ganyen ya bushe sai in ana ban ruwa kullum.

Yanzu ga wanda ya fi daɗewa, kuma shi ne dalilin rubutun nan. Mu a Kebbi muna zaune a kan abin aikin, wato ɓuntun shinkafa. Ka bi bayan kowane injin casar shinkafa a Argungu, Jega, Bunza, Suru ko Kamba, za ka ga tsibin ɓuntu, wani wurin ma wuta ake sa masa yana ta hayaƙi kwana da kwanaki. Ɓuntu ba dusa ba ne. Dusa ita ce mai laushin da ake ba dabbobi, tana da mai, tana jawo ƙwari, ba ta da amfani a nan. Ɓuntu shi ne ɓawon waje mai kaushi da ƙaiƙayi. Kowane ƙwaya kamar ɗan kwalekwale yake, idan suka taru sai su riƙe iska a tsakaninsu, iskar da ba ta motsi kuwa ita ce babbar katangar zafi. A kauri ɗaya, zafi ya fi saurin ratsa kankare fiye da sau 20 a kan yadda yake ratsa busasshen ɓuntu. Ga shi ba nauyi: kaurin inci 4 bai fi kilo 12 ba a murabba'in mita. Yana da sinadarin yashi da yawa a jikinsa, shi ya sa ba ya saurin ruɓa, gara ma ba ta cika son sa ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada ya jiƙe. Jiƙaƙƙen ɓuntu ba ya tare komai.

Hanya biyu na bi da shi. A kan falo da ɗakin yara, inda nake sa ran ɗora bene wata rana, na yi wadda za a iya kwashewa. Muka shanya ɓuntun kwana biyu, muka gauraya kowane baro goma da kwanon sarki ɗaya na busasshiyar farar ƙasa saboda ɓera da kyankyaso, muka ɗura a tsofaffin buhunan shinkafa. Ba a cika buhun ya yi tim, ana barin sa saɓa-saɓa yadda idan an ɗinke baki aka kwantar zai baje ya yi kaurin inci 4. Aka jera su manne da juna, ba a bar rata ba, don zafi ta rata yake bi. Sannan kafinta ya yi ɗan gajeren rufin kwano a kai, tsayin tsakiyarsa ƙafa uku, aka toshe gefuna da ragar waya don iska ta wuce tsuntsu da ɓera su tsaya. Rufin nan dole ne, domin rana tana cinye buhun leda cikin 'yan watanni, ruwa kuma ya gama da ɓuntun. Duk wayar wutar da ta bi ta wurin a sa ta cikin bututu. Ɓuntu ba ya kamawa bal-bal, amma yana cin wuta a ɓoye, ya yi kwana yana ci ba a sani ba.

A kan ɗakin Inna kuwa na yi na dindindin, da tukwane. Dabarar kifa tukwanen ƙasa a kan rufi tsohuwa ce a yankunan Indiya masu zafi, kuma hikimarta ɗaya da ta ɓuntu: kowace tukunya ɗakin iska ce. Na ba mata masu ginin tukwane aikin ƙanana, baki kamar inci 8, tsayi inci 5, ba ado. Kusan 25 ke cika murabba'in mita, don haka ɗakin ya ci sama da 300, na kuma ƙara wasu saboda fashewa a hanya. Ka ƙwanƙwasa kowace da yatsa. Wadda ta gasu za ta yi ƙara ƙal, wadda ta yi bif a ajiye ta gefe.

Bayan an cike tsagogi an gyara gangare, sai a kifa su baki ƙasa, kowace tana taɓa 'yar'uwarta, a bar hanyar indararo. Ramukan da ke tsakaninsu ba a cika su da kankare, nauyi zai yi yawa. Mun kwaɓa kwanon sarki ɗaya na siminti, ɗaya na farar ƙasa, takwas na ɓuntu. Shi wannan ɓuntun a jiƙa shi tun dare a tsane shi, in ba haka ba zai shanye ruwan simintin kwaɓin ya ƙi kamawa. Ina ba da shawara ka fara zuba kaɗan a kwali ka bar shi mako guda. Idan ya ɗauku a hannu bai wargaje ba, awon ya yi. Idan yana marmashewa, ƙara siminti. A zuba a hankali, a danna da katako ba da ƙarfi ba, har ya rufe gindin tukwanen da inci ɗaya. Masu aiki su riƙa takawa a kan falanki.

Daga nan sai haƙuri. A bar shi ya bushe sarai, mako biyu ko fiye, kafin a rufe. Wanda ya yi gaggawa ya kulle danshi a ciki, kuma ba ta inda zai fita sai ta cikin ɗaki. Shi ya sa aikin nan na rani ne, daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da ɓuntun sabuwar shinkafa ma ya wadata. Idan ya bushe, a shimfiɗa leda mai kauri, a ɗora ragar waya, a yi daɓen siminti mai kaurin inci ɗaya da rabi, siminti ɗaya yashi huɗu, yana gangarawa zuwa indararo. A tsaga layi a jikin daɓen kowace ƙafa shida, a cike da kwalta, don idan zai motsa ya motsa a nan. Inda daɓe ya haɗu da bangon gefe a yi masa kwana mai lanƙwasa, kada a bar lungu. Iskar hunturu tana busar da siminti da wuri, saboda haka a rufe shi da jiƙaƙƙun buhunan algarara, a yi ta ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai. A ƙarshe a bi shi da farar ƙasa.

Kada in ɓoye maka, wannan hanyar ma tana da nauyi. Daɓen kaɗai ya kai kilo 80 a murabba'in mita, idan aka haɗa da tukwane da kwaɓi an haura 100 da nisa. Na yi ne bayan injiniya ya duba ya ce dekin ɗin an zuba shi don ɗaukar bene, ɗakin kuma ƙarami ne. Wanda bai da wannan tabbaci ya tsaya a kan buhuna.

A azumin 2024, wanda ya faɗo cikin Maris da Afrilu, Inna ta koma kwana ciki. Ba ta ce komai ba, na dai ga an naɗe tabarmar tsakar gida an jingine.

Akwai abin da mutane ke mantawa bayan sun gama. Rufin da ya hana zafi shiga, yana kuma hana wanda ke ciki fita ta sama. Don haka sai ka taimaka masa: da safe, kafin ƙarfe tara, a rufe tagogi a saki labule, da dare a buɗe su duka, musamman masu fuskantar juna. Idan ɗakin ba shi da 'yar taga kusa da rufi, a fasa, a sa raga, don iska mai zafi sama take taruwa. Bangon yamma ma yana shan ranar la'asar yana yin irin halin dekin. Farar ƙasa da rumfa suna yi masa magani, dogon yaro kuma ya fi su idan an dasa shi da ɗan nisa saboda saiwa.

Wasu suna kwara ruwa a dekin da yamma. Yana aiki a Maris da Afrilu lokacin da iska ta bushe, musamman idan an shimfiɗa buhun algarara ya riƙe ruwan. Amma ga mai sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, kuɗin wata ɗaya ya isa farar ƙasar shekara. Kada kuma a kwara da rana tsaka a kan kankare mai zafi, ko a kan wanda ke da tsaga, don ruwan da ya kai ga rodi tsatsa yake haifarwa.

Sau biyu a shekara nake hawa da kaina. A ƙarshen Fabrairu in share ƙura, in duba layukan kwalta, in sake shafe. A farkon Mayu kuma, kafin ruwan farko, in zura sanda a kowane indararo in fitar da ganye da sheƙar tsuntsu, in leƙa ƙarƙashin kwanon da tocila in taɓa buhunan da ke bakin gefe. Wanda na ji da danshi nakan fito da shi, in farke, in shanya ɓuntun, in sauya masa buhu.